Yari Masassaƙi da Gawon Gonar Mahaifinsa

Shekara talatin da ɗoriya Yari ya yi yana kayar da itatuwa kafin ranar da aka zaunar da shi a benci, aka miƙa masa buroshi, aka ce za a nuna masa yadda bishiya take.

Masassaƙi ne ɗan masassaƙi, daga wata 'yar tunga da ke bayan Burkusuma, inda mutum kan fita neman akuyarsa ya tsinci kansa a Nijar. Matan yankin da sauti suke gane turminsa. Idan ya tsaya gaban ƙirya ko marke, sai ya kewaya sau biyu, ya ƙwanƙwasa da ƙotar gatari, ya gaya maka turmi nawa ne a ciki da abin da zai rage na taɓarya. Itace ɗaya ne bai taɓa nuna wa gatari ba, shi ne gawon da ke tsakiyar gonar mahaifinsa. A ƙarƙashinsa aka fara ɗora masa gizago a hannu, kuma a reshensa na gabas tsohon ke rataye gorar ruwa.

Sai 'yan bindiga suka shigo yankin. Ba sai an tsaya bayani ba. Duk wanda ke tsakanin Isa da Sabon Birni ya san shekarar, kuma har yau in babura uku suka wuto a jere, hira kan tsaya sai sun yi nisa. Yari da matarsa Kande suka iso Sabon Birni da tabarma, da tukunya ɗaya, da gizago. Gatarin yana can.

Wurin kwana bai yi wuya ba, wani ɗan'uwan Kande ya ba su ɗaki. Wurin aiki ne ya gagara. Ya fara zama a gefen masallaci, aka ce ƙwanƙwasarsa na shiga cikin karatu. Ya koma gaban wani shagon magani, mai shagon ya ce ɓarɓashin itace na korar masa mutane. Daga ƙarshe ya samu gindin katangar wani gida, inda yake sayen guntayen itace a hannun mata masu icen girki, ya fitar da muciya da ƙotar fartanya da kujerar mata. Shi ma mai gidan ya ce masa, cikin mutunci, da damina ta ɗauke zai ja shago a wurin. Wato Yari yana da wata biyu, daga nan sai ya ɗauki gizagonsa ya shiga gari neman katanga ta huɗu.

A wannan tsakanin ne wata ƙungiya ta zo da shirin koya wa 'yan gudun hijira sana'a. Akwai ɗinki, akwai walda, akwai gyaran waya da haɗa sabulu. Kafin takardar ta zagayo kan Yari, duk waɗannan sun cika da mutanen da ke da ƙani ko suruki a cikin kwamiti. Abin da ya rage shi ne ajin zane, wanda aka ce an kawo shi ne don sanyaya zukatan waɗanda suka ga tashin hankali. Da farko ma har da zanen tsuntsaye da dabbobi a tsarin, malaman gari suka ce ba a yi haka da su ba, abu mai rai ba na zanawa ba ne. Ƙungiyar ta koma ta yi taro, ta dawo da shawarar cewa bishiya kaɗai za a zana. Ba wanda ya tambayi Yari ko bishiya na da rai.

Shi dai abu ɗaya ya sa ya dangwala yatsa a takardar. An gina jerin rumfuna a gefen kasuwa, rufin kwano, ƙofa mai kwado, kuma an ce a kowane aji wanda ya fi kowa zai samu ɗaya.

Su goma sha biyu ne, a wani ajin firamare da yara suka bari don hutu. Malaminsu Hafizullahi, saurayi ne daga birnin Sakkwato, bai daɗe da gama karatu ba, mai ladabi, mai yawan duba taga. Ya raba musu ƙyalle mai kauri da aka ɗame a katako, da buroshi biyu-biyu, da yankin soson katifa, da fentin da ya ce sunansa akirilik, ana sirka shi da ruwa, kuma yana bushewa kafin mutum ya gama shawara.

Darasin ba shi da wuya. A fara shafe sararin sama, a bari ya bushe. A ja gindi mai kauri daga ƙasa, yana sirancewa yana hawa. A fitar da rassa, kowane reshe ya fi uwarsa siranta. Sannan a ɗauki soso, a dangwala kore mai duhu, a bi da matsakaici, a ƙare da mai haske ta ɓangaren da rana ke bugowa. Dangwalawa ake yi, ba gogawa ba, kuma a bar 'yan ƙofofi inda sama za ta leƙo. Hafizullahi ya yi nasa cikin minti goma, ya ɗaga. Wani kore ne dunƙulalle a kan sanda mai ruwan ƙasa.

Yari ya daɗe yana dubansa, kamar yadda yake duban itacen da zai sara.

"Malam, wanga icce mi sunanai?"

"Bishiya ce kawai, Baba."

"A'a, ina nuhin, tsamiya ta ko kanya? Don na ga kan tsamiya, amma gindin ba nata ba ne."

"Ba wata ta musamman ba ce. Bishiya ce dai."

Lawwali, taubashin Yari, manomi daga wajen Kamarawa, wanda shi ma ragowar takarda ta jefo ajin, ya gyara zama. "Rabu da shi, Malam. Shina son ya ji ko tana yin turmi. Ka lura da shi, kada ka juya baya ka iske ya sare ma ita."

"Kai da ko geronka bai taɓa tsayawa miƙe ba," in ji Yari, "mi ka sani ga icce?"

Mako uku aka yi ana wannan. Ba za a ce Yari bai ƙaru ba. Ya koyi tsoma buroshi a ruwa da zarar ya ajiye, bayan ya mayar da guda ɗaya tsinke. Ya koyi matso fenti kaɗan-kaɗan, don in ka matso da yawa zafin ɗakin zai rigaye ka. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne kuskure. A sassaƙa, in gizago ya ci inda bai kamata ba, shi ke nan, turmi ya koma kujera. A nan kuwa sai ka jira ya bushe ka shafe, ka sake, ba wanda zai sani. Ya gaya wa Kande cewa sana'ar mutanen da ba su taɓa yin asara ba ce.

A mako na ƙarshe aka ba su aikin da za a yanke hukunci a kai. Kowa ya zana bishiyar gidansu a lokacin damina, don nuna cewa rayuwa za ta dawo. Babbar jami'a za ta zo da kanta ta zaɓa.

Mutum goma sha ɗaya suka zana bishiyar Hafizullahi, har da Lawwali, wanda ya ce tasa mangwaro ce ga mai son ya yarda. Yari ya shafe samansa da hadari, shuɗi mai duhu da ya sirka da ɗan baƙi. Ya ɗauki soso ya dangwala kore uku yadda aka koya masa, amma a ƙasa ya zuba su, gero ne ya kai kafaɗa, ya fi duhu da tsayi a kewayen gindin itacen. Sannan ya ajiye buroshi, ya fiƙe wani ɗan tsinken marke da wuƙa, ya tsoma a fari mai toka-toka. Da shi ya ja rassan, suna karyawa hagu da dama, da ƙayoyinsu, da reshen gabas da ya sunkuyo daidai hannun mutum. Bai sa ganye ko ɗaya ba.

Kowane yaron da ya taɓa kiwon awaki a ƙasar Gobir ya san dalili. Gawo ba ya bin sauran itatuwa. Da ruwa ya sauka sai ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara, ya bar wa gero rana da taki. Sai an yi girbi, kowa ya bushe, sannan shi ya yi kore. Shi ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona.

Hafizullahi ya tsaya a bayansa, ya ce, "Baba, kun kusa gamawa ke nan. Saura ganye."

"Na gama."

"Baba, ku dubi takardar da za a ba da maki." Ya nuna masa, ko da yake ya san ba ya karanta boko. "Kore mai duhu, maki. Matsakaici, maki. Mai haske, maki. Kusan rabin makin a ganye yake."

"Ga su nan ƙasa, dut ukun."

"A kan bishiyar ake so."

"Kai kac ce damina. Da rani kac ce, da na sa."

Saurayin ya rage murya. Ya ce shi ma aikin nan na wata uku aka ɗauke shi, in aka ga ɗalibinsa ya zana busasshiyar bishiya a darasin fata nagari, za a ce bai sanyaya zuciyar kowa ba. Ya roƙe shi ya tafi da zanen gida ya yi tunani.

Kande ba ta ga abin tunani ba. Ta ajiye masa furar rana, ta dubi zanen da ke jingine a bango, ta daɗe, don ita ma ta san reshen nan. Sannan ta juya.

"Malam, ka sa musu ganyen."

"Gawo na, Kande."

"Na sani gawo na. Ganye anka ce ka sa, ba rantsuwa anka ce ka yi ba. Mai katanga ya sauke bulo jiya, ka gani ko ba ka gani ba? In ruwa ya ɗauke, bisa kaina za ka sassaƙa?"

Yari ya ɗauki soson. Ya matso kore mai duhu, ya dangwala, ya kai hannu har kusa da reshen gabas. Nan ya tsaya. Ya tuna Lawwali, wanda zai bi shi da wannan magana har kabari, ya tuna duk wani mutumin tungarsu da zai wuce ya ga gawo da ganye a kan gero mai kai kafaɗa, a ce ɗan masassaƙi ne ya yi. Yana nan tsaye har fentin ya bushe a soson. Kande ta ɗauke ƙwaryarta ta fita, ba ta sake kula shi ba har kwana biyu.

Babbar jami'ar, Hajiya Zulaihatu, ta iso da hantsi da motoci uku. Minti arba'in gare ta, don direbobi ba sa son la'asar ta same su a hanya, kuma a wannan ba wanda ya ga laifinsu. Mace ce mai fara'a, an haife ta a birni, ta yi karatu a birnin da ya fi shi. Ta bi jerin zanen tana cewa madalla, madalla, sau goma sha ɗaya. Da ta zo na Yari sai ta tsaya. Ta cire tabarau. Hafizullahi ya dubi taga.

"Wa ya yi wannan?"

Aka turo Yari gaba.

"Baba, wannan bishiyar gidanku ce?"

"Ta gonar mahaihina ta, ranki ya daɗe."

"Allah sarki." Ta juya wajen masu ɗaukar hoto. "Kun gani? Kowa ya zana abin da aka koya masa, shi ya zana abin da ke zuciyarsa. Ga damina, ga shuka, amma bishiyar gidansu ta mutu. Wannan shi ne abin da rikici ya yi wa mutanen nan."

"Hajiya, ba ta mutu ba," in ji Yari. "Gawo na. Rayayye na."

Idanunta suka ciko. "Na sani, Baba. A zuciyarku tana raye."

"A'a, can gona. Haka shika yi kowace damina. In anka yanke gero, ganye za shi hito."

"In sha Allahu zai fito. Kada ku yanke ƙauna." Ta ce wa wata mai rubutu a gefenta, "Rubuta wannan yadda ya faɗa. Ganye zai fito."

Yari ya buɗe baki zai sake bayani, Lawwali ya taka masa ƙafa da dukan nauyinsa. Manoma goma sha ɗaya da ke ɗakin, da mai gadin makarantar, da direbobin da ke leƙe ta taga, duk suka dubi ƙasa. Ba a taɓa samun mutane da yawa haka sun haɗu a kan rashin sanin gawo ba.

Haka aka ba Yari mabuɗin rumfa, amma da sharaɗi. Za a rataye zanen a gaban rumfar yadda yake, kada a sayar, kada a taɓa. Bayan wata shida za a dawo a duba, in komai na nan daidai, sai a ba shi takardar mallaka. Aka kafa wani ɗan allo a ƙarƙashi da rubutu, wanda daga baya wani ya karanta masa: bishiyar da rikici ya kashe. Yari ya ce a sake karantawa. Tun daga ranar, in ya buɗe rumfa, a kan allon yake rataye hularsa.

Ya shimfiɗa buhu a ciki ya ci gaba da muciya da ƙota, ba mai korarsa. Kande ta dawo da magana. Ranar kasuwa mutanen ƙauyuka da ke zaune a gari kan tsaya gaban zanen, ba sa cewa ya yi kyau, sai dai su yi gardama a kan geron, wani ya ce an shuka shi da ruwan farko, wani ya ce bai kai ba. Wata tsohuwa daga wajen Burkusuma ta tsaya ta ce saura gora a reshen nan, ta wuce ba ta sayi komai ba.

Damina ta ɗauke, waɗanda suka samu yin noma kusa da gari suka yi girbi. Wata safiya Yari ya bi ta bayan gari neman guntun itace, ya ga gawunan wurin sun yi kore shar. Ya dawo ya tsaya gaban rumfarsa. Zanen da ya ƙi yi wa ƙarya da damina, yanzu shi ke ƙarya da kansa, a bakin kasuwa, da sunansa a ƙasa. Ya daure mako guda. Ya daure na biyu. A na uku ya ciro ragowar fentin daga cikin buhu.

Ya shafe hadarin da fari-fari. Ya mayar da geron karan da aka yanke. Da suka bushe ya ɗauki soso ya bi darasin Hafizullahi tiryan-tiryan, mai duhu, matsakaici, mai haske ta gabas, yana dangwalawa ba ya gogawa, ya bar ƙofofin da sama za ta leƙo. Ya ƙara 'ya'yan gawo masu lanƙwasa da tsinkensa. Da an kawo takardar maki a ranar, da ya cinye ta duka.

Kande ta kawo abinci ta gani, ta ajiye kwanon a hankali. "Lokacin da anka ce ka sa, ka ƙiya. Yanzu da anka ce kada ka taɓa, ka sa. Malam, ko dai katangar mutane kaka marmari?"

"Rani na, Kande."

Hafizullahi, wanda aka sake ɗauka na wata uku don ya shirya ziyarar dubawa, ya iso da safiyar ranar. Ya ga zanen, ya nemi turmi ya zauna.

"Baba, kun gama da ni. Hoton wancan yana bangon littafin rahotonmu. An kai shi taro har ƙasar waje."

"To, su zo da damina su gan shi."

"Fentin nan minti goma yake bushewa. Ku shafe ganyen, ni zan taya ku. Wallahi in ta ce an saɓa sharaɗi, mabuɗin za ta karɓa."

Yari ya dubi ƙofar mai kwado, ya dubi rufin kwanon, ya dubi tarin ɓarɓashin da wata shida ba wanda ya ce ya share. Ya ce, "Malam, tashi ka leƙa bayan gari. In ka ga gawo guda babu ganye, dawo mu shahe."

Hafizullahi bai tashi ba. Suna nan zaune motocin suka tsaya.

Hajiya Zulaihatu ta sauko da littafin rahoton a hannu. Ta dubi bangon littafin, ta dubi zanen, ta sake duban littafin. Kande ta ja mayafi ta rufe baki. Lawwali, da ya zo kallo, ya matso kusa da ƙafar Yari don ko za a buƙace shi.

"Wa ya ce ku sa ganye, Baba?"

"Ba kowa, ranki ya daɗe. Lokacinai ya yi."

Ta sake duban zanen. Sannan ta dafa ƙirji. "Lokacinsa ya yi. Kun ji? Ba wanda ya sa shi. Wata shida da shirinmu, da hannunsa ya mayar wa bishiyar da ganye." Ta juya wajen Hafizullahi. "Ka san abin da ka yi kuwa? Mutumin nan ya warke."

"Da ma na gaya miki za shi hito," in ji Yari.

"Kun faɗa, Baba. Yana cikin rahoto."

Aka ɗauki hotonsa a tsakanin littafin da zanen, aka ce ya yi murmushi, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ta sa hannu a takardar rumfa a kan turmin da Hafizullahi ya tashi daga kai. Aka cire tsohon allon, aka ce za a aiko da sabo. Kafin azahar motocin sun kama hanya.

Sabon allon bai zo ba, don ƙungiyar ta koma wata jiha da shirin, inda aka ce yanzu ana koya wa mutane su fara zana bishiya ba ganye, sannan bayan wata shida su sa. Kande ta naɗe takardar a leda ta sa a ƙasan tukunyar da suka zo da ita.

Da ruwan farko ya sauka, gawunan bayan gari suka fara zubar da ganye. Yari ya jira har suka gama, ya sauko da zanen, ya shafe koren da shuɗin hadari, ya fiƙe sabon tsinke ya sake jan rassan. Ƙyallen ya fara kauri. Ba wanda ya zo ya ce ciwon ya dawo.

Har yanzu yana rumfar, ta uku daga bakin hanya. In ɗan kabu-kabu ya tsaya sayen ƙota, aka ce ta wajen Burkusuma ya biyo, Yari kan ajiye gizago ya tambaye shi ko ya lura da wani gawo a tsakiyar gona, hannun dama kafin a kai tungar, mai reshe sunkuye ta gabas. Na ƙarshen da ya tambaya ya ce, "Baba, wagga hanya ba a duban icce." Yari ya ce gaskiya ne, ya zaɓar masa ƙota mai kyau, ya koma kan aikinsa.